"Za a duba" ɗin nan ne ya kusa kashe mana aiki

Ni dai a wurin aiki ban ga maganar da ta cuce mu kamar "za a yi" ba. A zauna mitin awa ɗaya da rabi kowa na ta zuba, oga ya ce to wannan za a duba shi, kowa ya gyaɗa kai a tashi. Wa zai duba? Oho. Sati ya zagayo a dawo a sake ɗauko zancen daga tushe, wannan ya ce ai na ɗauka wane ne zai yi, shi kuma wanen ya rantse ba da shi aka yi ba.

Da can a guruf ɗinmu na waya nake zuba abin da aka tattauna, kafin kwana biyu gaisuwa da sitika sun binne shi, ka yi ta jan allo sama har yatsa ya gaji. Shi ne muka koma wiki, wato shafukan da kowa cikinmu zai iya buɗewa ya gyara, irin tsarin Wikipedia amma namu mu kaɗai. Abin ma ba sabo ba ne fa, tun 1995 Ward Cunningham ya ƙirƙiro na farko, sunan kuma daga yaren Hawai ya samo shi, ma'anarsa sauri. Mu wata manhajar wiki mai suna Confluence muke amfani da ita, wasu Notion, duk ɗaya ne in dai za a riƙa buɗewa.

Kowane mitin shafinsa daban, sunan shafin ya fara da shekara, wata, sannan rana don su jeru da kansu. Tun ana gobe nake buɗe shi kowa ya sa ajandarsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma na daina rubuta wane ya ce wane ya ce, wannan wahalar banza ce babu mai karantawa, matsayar da aka cimma kawai nake sawa da dalilinta, saboda bayan wata uku dalilin ne kowa ke mantawa.

Inda na fi tsanantawa shi ne ayyukan da aka raba. Kowane aiki sunan mutum ɗaya da ranar gamawa, ɗaya fa na ce, in ka sa biyu kowa zai jira ɗan uwansa. A Confluence in ka buga [] akwatin aiki zai fito, wanda ake yi wa alama in an gama aikin, ka sa @ da sunan mutum saƙo ya je masa, // kuma ya kawo maka kalanda. Minti biyar na farkon mitin na gaba ba ma taɓa komai sai mun bi akwatunan da ba a yi wa alama ba. Mai gardama kuwa sai a buɗe masa tarihin shafin, wanda ya gyara da lokacin duk suna nan, gani ya kori ji.

Abin kunyar dai, akwai wani akwati da sau huɗu ke nan ana ɗaga ranarsa, kuma sunana ne a jiki.