Dokar da ta hana tsawwalawa amma ba ta faɗi iyaka ba

Aikina na kammala karatun shari'a a kan dokokin hana tsawwala farashin mai a Amurka na yi shi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda majalisa za ta haramta abu, ta ƙi faɗin inda haramcin ya fara.

Jihar New York ta kafa tata dokar a 1979, bayan man ɗumama gidaje ya yi tsada. Cewa ta yi kada a sayar da kaya a farashin da ya wuce kima har lamiri ya ƙi shi. To, lamirin wa? Florida ta ɗan matso, ta ce a duba farashin kwana 30 kafin a ayyana dokar ta-ɓaci, sai dai ma'auninta "bambanci mai yawa" ne. Kalifoniya ce ta fito fili: kada ƙari ya wuce kashi 10 cikin 100, sai in kuɗin sari ya tashi. Ƙudirin da majalisar wakilan Amurka ta amince da shi a Mayun 2022 ma da irin lafazin New York ya zo, bai kuwa zama doka ba.

Ka ɗauki mai ƙaramin gidan mai washegarin guguwa. Tankinsa saura kwata, layi ya kai bakin titi, dillali ya bugo waya cewa tanka mai zuwa ta ƙara kuɗi. In ya sayar a tsohon farashi, cinikin ba zai sayo masa sabon kaya ba. In ya ƙara, bai san ko sisi nawa ne zai kai shi gaban alƙali ba. Babban kamfani yana da lauyoyin da za su yi shekaru suna jayayya kan ma'anar "kima". Shi kuwa allon farashinsa na bakin hanya, kowa na iya ɗaukar hotonsa. Wannan ba adalci ba ne, kuma mai saye ma bai san ranar da yake da haƙƙin kai ƙara ba.

Mu ma a Najeriya, sashe na 127 na dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ya hana farashin da rashin adalcinsa ya bayyana, ba tare da adadi ba. Da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, gidajen mai da yawa sun ninka kuɗin lita a kan man da ke tankunansu tun kafin sanarwar, wasu suka rufe ƙofa suna jiran sabon farashi.