Naci kaɗai ba ya ɗaga ma'aikaci

An kawo mana mai horarwa a ofis, ya yini yana nanata cewa naci da yarda cewa basira tana ƙaruwa su ne sirrin ci gaba. Raina bai kwanta ba. Masinjanmu ya fi kowa naci, kullum shi ke buɗe ofis, amma albashinsa bai motsa ba, don ba shi da takarda, ba shi da uwa a gindin murhu.

Masaniyar halayyar ɗan Adam Angela Duckworth ce ta yayata batun naci daga Amurka, sai dai wani nazari na 2017 kan mutum sama da 66,000 ya gano alaƙar naci da nasara ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Wallahi yana ci mini rai a ɗora wa ma'aikaci laifin rashin ƙarin girma alhali ba a taɓa tura shi kwas ba.