Tambayar da ta tsayar da sharhina

Yau da la'asar, a zaman masu karatun littattafai da muke yi kusa da Wunti a Bauchi, ina sharhin wani kundin gajerun labaran ƙagen kimiyya da matasa suka haɗa, sai wata ɗaliba ta katse ni. Labarin da nake yabawa ya kai wani iyali na Hausawa zama a duniyar wata, ita kuwa ta ce: "Malam, a can da yini ɗaya yake ɗaukar kusan kwana 14 na duniyarmu, yaushe za su sha ruwa in azumi ya zo, kuma wane wata za su duba?" Marubucin ya ɓata shafuka wajen siffanta kumbo da na'urorinsa, amma bai taɓo wannan ba ko a layi ɗaya.

Tun 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya kai wani yaro sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, saboda haka kumbo ba sabon abu ba ne a adabinmu. Labarin da nake son karantawa yanzu shi ne na sahur ɗin wancan iyali.