Kainuwar kogin Isa (Neja): a Yamai ake tare ta kafin ta kai Gandun W

Kainuwar nan mai fure ruwan malmo da kumburarren kara ba ta ƙasarmu ba ce, daga Kudancin Amurka ta fito. Idan ta samu zafi da ruwa mai datti, cikin kusan mako 2 take ninka kanta, kuma irin da ta zubar cikin laka yana iya kai shekara 20 bai mutu ba. Inda ta shimfiɗu, hasken rana ba ya ratsawa, kifi ya rasa iska, taru ya sarƙe, kwale-kwale ya maƙale, sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya su sami gida.

Abin da ya fi ɓata aikin kawar da ita shi ne a sare ta a tura wa igiyar ruwa. Bakin gadar Kennedy ya yi fes, amma kowane guntu mai ido sabon tushe ne, kuma kudu ya nufa, wajen gandun dajin W inda dorina da ayu suke. Can ma'aikatan gandun daji ba su da hannun da za su tsamo abin da birni guda ya saki.

Lokacin aiki shi ne Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da ruwa ya ja baya, kainuwa ta taru a lungunan gaɓa. Daga sama ake farowa a gangaro. A fara shata wurin da igiya ko tsohon taru mai jarkoki, don guntaye kada su tsere, sannan kwale-kwale biyu su jawo ta gaɓa, a kwashe da manjagara har saiwa. Sorkawa, masuntan kogin, sun san kowane lungu, aikin da aka yi ba da su ba rabi ne.

Nauyinta yana ruɗin mutane: fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne. A bar ta ta sha rana kwana 3 kafin a ɗora wa amalanke, amma a kai ta tudu, sama da inda ambaliya ke tsayawa. Wadda aka jibge a bakin ruwa, ruwan Agusta zai mayar da ita da irinta.

Takinta yana da kyau: a daddatsa, a jera da kashin shanu da tattaka, a riƙa juyawa duk mako 2, cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna. Sai dai wadda aka tsamo a bakin magudanar Gunti Yena kada a kai ta lambun salati, domin tana zuƙe gubar ruwan.

Feshin magani kuwa ban yarda da shi ba a kogin da Yamai ke sha daga matatar ruwa ta Gudel. Ciyawar tana ruɓewa cikin ruwa, ta cinye iskar, kifi ya taso matacce. Bayan kwasa, a koma wurin duk mako 2 a tsince sabon tsiro tun yana ganye uku-huɗu, kafin ya yi fure.