Yadda nake ƙiyasta hayar gidan fasto ko liman a Amurka

Ƙaramin ofishina a Bronx, cikin birnin New York, aikinsa cike wa mutane takardun haraji. Yawancin masu zuwa direbobin tasi ne da masu shaguna, amma waɗanda suka fi cin lokacina su ne fastoci da limaman masallatai. Sashe na 107 na dokar harajin Amurka ya yarda shugaban addini ya cire alawus ɗin gida daga kuɗin da za a ɗora wa harajin samu. Sauƙi ne babba, sai dai yana da iyaka.

Ana duba abu uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta: abin da kwamitin coci ko masallaci ya ware masa tun kafin a biya shi, abin da ya kashe wa gidan a shekarar, da kuma kuɗin da gidan zai kawo da a ce an ba da shi haya da kayan ɗakinsa, haɗe da kuɗin wuta da gas da ruwa. Na ukun nan majalisa ta rubuta shi ƙarara a 2002, bayan shari'ar Fasto Rick Warren na Kalifoniya da hukumar haraji ta IRS. To amma hukumar ba ta ba da wani tsayayyen lissafi na fitar da shi ba, kuma a nan aikina yake.

Mutum zai zo ya ce wani ya gaya masa hayar ita ce kashi 1 cikin 100 na kuɗin gidan a kowane wata. Ba na karɓar wannan, don ba shi da tushe a doka. Ina neman gidaje uku ko huɗu da ke haya a unguwarsa, masu yawan ɗakuna da banɗaki irin nasa, in buga tallansu a takarda da kwanan wata. Sannan in tura shi wurin dillalin gidaje mai lasisi, ya shiga gidan da ƙafarsa, ya ga kujeru da gadaje da firji, ya rubuta wasiƙa ya sa hannu. Kayan ɗakin nan mutane na yawan mantawa da su, alhali suna ɗaga kuɗin haya, ribarsu ce suke bari a ƙasa.

A Bronx akwai wani abu kuma. Da yawa gidan iyali biyu suke saya, su zauna a sama, su ba da ƙasa haya. Ɓangaren da malam yake zaune kawai ake lissafawa.

Inda aka fi jin zafi shi ne shekarar sayen gida. A ce liman ya biya kafin alƙalami mai yawa, kashe-kashensa suka kai dala 70,000, kwamiti ya ware masa 50,000, amma hayar gidan da kuɗin wuta ba su wuce 40,000 ba. Nakan ce masa, "Allah gafarta Malam, 40,000 ɗin nan ita doka ta sani, ragowar 10,000 sai an biya mata haraji." Ba ya daɗin ji, amma na fi son ya ji daga bakina da ya gani a wasiƙar IRS.

Nakan kuma tuna musu cewa harajin samu kaɗai aka ɗauke. Harajin masu aikin kansu, wato na asusun fansho da lafiyar tsofaffi na gwamnati, kashi 15.3, yana nan a kan alawus ɗin, sai ga wanda aka amince masa ya fita ta fom 4361, takardar IRS ta neman a ɗauke masa shi. Kowane watan Disamba ina kiran sakatarorin kwamitoci ɗaya bayan ɗaya, su zauna su rubuta adadin alawus ɗin shekara mai zuwa a takardar bayanin taro, don ba a ware shi bayan an riga an biya.