Shuɗin tabo a kan noti: duba mahaɗan bututun mai a ƙaramin jirgi

Ƙananan jiragen da ke sauka filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, irin masu feshin jan-baki a fadamun shinkafa, suna wuni a rana mai wuce digiri 40 a watan Afrilu, su sha ƙurar hunturu, damina ta zo musu da ruwa. Robar tiyon mai da mahaɗan bututu ne ke fara jin jiki.

Ido ake fara sa wa kafin sifana. Man jirgi mai injin fistan, wato Avgas 100LL, rina shi ake yi shuɗi. In ya tsattsafo, man ya bushe nan take, shuɗin ya zauna kamar an ɗiga bula a gindin noti, ƙura ta manne a kai. Kada a goge kafin a bi tabon zuwa sama, domin mai kan bi jikin bututu ya ɗiga nesa da inda ya fito. Man Jet A-1 ba shi da wannan launi, sai danshi da warin kananzir.

A nan ne hannun da ya saba da gareji ke yin ɓarna: an ga yoyo, a ƙara ɗaurewa. Mahaɗin AN, wato irin mahaɗin bututu da ake sa wa jirgin sama, ba haƙoran noti ke riƙe masa mai ba. Bakin bututun ne aka buɗa kamar na kakaki a kan digiri 37, zobe ya danna shi kan hancin mahaɗi, noti ya matse su. Alminiyum kuwa taushi gare shi. In aka wuce awo, leɓen ya lotse ko ya tsage, yoyon ya tsaya yau, girgizar inji ta ƙarasa leɓen a sama. Sai a rufe mai, a kwance, a haska leɓen da tocila da gilashin ƙara girma. Tsaga komai ƙanƙantarta, bututun ya tashi daga aiki. Bakin bututun mota digiri 45 ne, ba ya zama daidai a kan na jirgi ko da an ga kamar ya hau.

Wajen mayarwa, a fara da yatsu har noti ya zauna lafiya. In ya cije tun farko, bututun ne bai daidaita ba, kuma ba a jawo shi da ƙarfin noti. Sannan sifana biyu, ɗaya ta riƙe mahaɗi, ɗaya mai awon ƙarfi. Bututun alminiyum lamba 6, mai kaurin 3/8 na inci, yana son ƙarfin ɗauri na laba-inci 110 zuwa 130 a awon sifanar. Lamba 4 kuwa 50 zuwa 65. In littafin jirgin ya faɗi wani awo, nasa ake bi. A ja layin fenti daga noti zuwa mahaɗi, in ya motsa gaba za a gani. Farin tef na masu gyaran famfo ba shi da wuri a nan, gutsurensa kan bi mai ya toshe kafireto.

Tiyo kuma a lanƙwasa shi kaɗan da hannu. In ya yi tauri kamar kara ko fatarsa ta faffashe, a canza. Layin da ke jikinsa ya tafi miƙe, in ya murɗe to an karkata tiyon wajen ɗauri. A bar masa sassauci kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na tsawonsa, a duba inda yake gugar ƙarfe, wayar lantarki kuma ta bi ta samansa.

Ramin shaƙar iskar tanki ƙarami ne, zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki. In ya toshe, mai ya daina gangarowa bayan an tashi. Robar murfin tanki in ta bushe, ruwan sama ya shiga ya kwanta a ƙasa, shi ya sa ake tatsar mai a kofi daga kowane magudani kafin tashin farko.

A ƙarshe a kunna famfon mai na lantarki, inji a kashe, tukunyar kashe gobara a kusa, a bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya da farin ƙyalle. Injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, shi ne zai sa hannu a littafin jirgi.