Abin da Gidan Nasif na Jidda ya koya mini

A shekarar ƙarshe ta karatuna na tsara gine-gine an ba mu aikin nazarin tsohon gida guda ɗaya, ni kuwa na zaɓi Gidan Nasif da ke tsohon garin Jidda, saboda na taɓa tsayawa a gabansa lokacin da muka je Umara. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 domin Umar Nasif, attajiri kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda, a zamanin da buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara wa tashar garin jiragen kaya da na alhazai.

Rahotona na farko kusan gaba ɗayansa a kan rawashin ya tsaya, wato tagogin katako masu sassaƙa da ke turowa waje daga jikin bango. Malaminmu ya mayar mini da shi, ya ce na kwatanta fuskar gidan da kyau, amma ban faɗi yadda mutanen cikinsa suke samun ruwa, iska da abinci ba. Raina ya sosu a ranar, sai dai gaskiya ya faɗa.

Da na koma kan zanen, matakala ce ta fara gyara mini tunani. Tana da faɗi, takunta gajeru ne ƙwarai, har ana cewa raƙumi yana hawa da kaya zuwa benayen sama. A da na ɗauke ta a matsayin alfahari irin na masu kuɗi, alhali lissafin ɗan kasuwa ne wanda ya san nauyin buhu da ladan ɗan dako. Haka ma rawashin ɗin: Jidda gari ne mai zafi da gumi, ramukan katakon suna shigo da iskar teku, suna tare rana, kuma matan gida suna kallon kasuwar Alawi ba tare da an gan su ba. A ƙarƙashin ginin akwai ma'ajiyar ruwan sama, domin ruwan sha ya daɗe yana wahala a garin. Ƙarancin ruwan nan ne ya sa darbejiyar da ke ƙofar gidan ta yi suna, har ake kiransa gida mai bishiya.

Darasin da ya fi zama mini da amfani a wurin aiki shi ne na bango. Da dutsen teku aka yi shi, wanda ake haƙowa a gaɓar Bahar Maliya, dutse ne mara nauyi mai shan ruwa, shi ya sa magina suke shimfiɗa katako a tsakanin jerin duwatsun domin ya raba nauyi, sannan su shafe da farar ƙasa wadda ke barin danshi ya fita. Idan aka yaɓe irin wannan bango da siminti, gishiri da laima sukan taru a ciki su ci dutsen a ɓoye. Na ga irin wannan ɓarna da idona a gidajen ƙasa na cikin birnin Kano, inda aka bar makuba aka koma siminti, bangon ya riƙa ruɓewa ta ciki.

Tarihin gidan ma na koyi karanta shi daga ɗakunansa. Sarki Abdul'aziz ya sauka a nan bayan ya shiga Jidda a ƙarshen 1925, ya riƙa karɓar baƙi a ciki, abin da ba zai yiwu ba sai a gidan da tun asali aka tsara shi da manyan ɗakunan taro a gaba, iyali kuma can sama. Muhammad Nasif, jikan Umar, ya tara dubban littattafai a gidan. Daga baya ginin ya koma hannun gwamnati, kuma a 2014 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Rahotona na biyu da ma'ajiyar ruwa ya fara, rawashin kuwa sai a babi na huɗu suka shigo.